Tauraro a Gurbi na Bakwai

Ƙarfe takwas da rabi, Dundee ba ta gama farkawa ba.
Kogin Tay ya yi launin dalma,
tsuntsayen teku na rigima kan guntun dankalin jiya.
Na rataye rigar ruwa, na kunna kwamfuta,
na buɗe shekarar bara
kamar mai buɗe tukunyar da ta kwana.

Sunana Ishbel Rennie. Aikina ƙirga.
Kotu ta yanke, ni in jera:
wanda aka kama da ƙulli cikin safa,
wanda ya sayar a bayan tashar bas,
wanda aka tura gidan kaso,
da wanda aka yi wa ɗaurin talala,
igiyar da ido ba ya gani
amma duk Talata, goma na safe,
sai ta fizgo shi ofis ya sa hannu.

Ba a ba ni sunaye.
Shekaru, jinsi, unguwa, irin ƙwaya. Shi ke nan.
In raba da yawan jama'a,
in ninka da dubu ɗari,
sai mutum ya koma ɗigo da 'yan lambobi a bayansa.

Bana layin ya sunkuya ƙasa.
Mista Guthrie ya leƙo da kofin shayi a hannu,
ya ce, "Madalla, a sa shi shafin farko,
a yi masa launin kore."
Ban ce masa komai ba.
Na san rufin ƙaramar kotu ya yi yoyo wata biyu,
takardu sun taru suna jiran alƙali.
Na san 'yan sanda sun koma wani farautar.
Raguwar kifi a koma
ba ta nufin kogi ya ƙafe,
wata rana masunci ne bai fito ba.

Akwai kuma waɗanda suka fita daga jadawalina
ba don sun daina ba.
Su suna hawa na uku, wajen Morven,
mai ƙirga waɗanda aka tarar da sanyin jiki a banɗaki.
Muna cin abincin rana tare, ni da ita.
Ba ma haɗa takardunmu.

Ga wata ƙa'ida ta gidan nan:
in adadi bai kai biyar ba, ba a rubutawa,
sai a sa tauraro,
kada maƙwabta su yi lissafi su gane mutum.
Gurbi na bakwai, ƙauyenmu, can bayan gonakin dankali,
maza, talatin zuwa talatin da tara:
tauraro.

Na san abin da ke ƙarƙashinsa.
Takalminsa lamba goma sha ɗaya ne,
yana tsoron karnuka tun yana ɗan shekara shida,
shi ya koya mini hawan keke
yana gudu a bayana yana ƙarya wai yana riƙe.
Lachlan. Wana.
Wata goma sha takwas na talala,
da awa ɗari da ashirin na fentin shingen makabarta.

Daren jiya ya kira ni.
Ya ce kwana casa'in da ɗaya ke nan bai taɓa ba,
ya ce ya gasa burodi, ya ƙone ta ƙasa,
amma ya cinye abinsa.
Na duba jadawalin tun daga sama har ƙasa,
babu gurbin kwana casa'in da ɗaya,
babu na burodi.

Duk da haka ba na raina ƙirga.
Abin da ba a ƙirga ba, ba a ware masa kuɗi,
gadon asibiti ma da lamba ake roƙonsa.
Don haka na sa koren, yadda aka ce,
sannan can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
na rubuta: a karanta da hattara.

Ƙarfe biyar na kashe fitila.
Ruwa ya tsagaita. Bas ta makara.
Gobe Talata.
Na yi alkawarin raka shi har bakin ƙofa.